Masu Gilashin Cikin Ido Da Barazanar Hawan Jinin Ido

Duk wanda ya kwana biyu a Manchester ko Birmingham ya ga yadda gilashin cikin ido, wanda matasanmu suka fi sani da kontak, ya zama ruwan dare a gidajenmu. Yaran da muka riƙa kaiwa makaranta a Moss Side da Longsight da Handsworth da Small Heath da tabarau a fuska, yau wasunsu sun doshi shekara 40, wasu ma sun haura, kuma da yawansu sun ajiye tabarau sun koma wannan siririn gilashi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Haka zalika amare da ƙawayensu sun ɗauki mai launi a matsayin wani ɓangare na kwalliyar biki. Wannan jarida ba ta da ja a kan haka, domin gilashin ya sauƙaƙa wa jama'a aiki da wasanni da tuƙi. Abin da ya dame mu shi ne yadda sanya shi ke shiga tsakanin mutanenmu da wani awo mai muhimmanci, wato awon ƙarfin ruwan ido, wanda da shi ake fara gano cutar da ta fi kowace jawo makantar da ba ta warkewa a duniya.

Cutar da muke magana a kanta ita ce wadda likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muke ce mata hawan jinin ido. Sunan da muka ba ta yana ruɗar jama'a, domin ba jini ne ke hawa ba, kuma mutumin da awon jininsa yake daidai yana iya kamuwa da ita. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa dare da rana, yana kuma fita ta wata 'yar rariya da ke gefen baƙin ido. Idan rariyar ta fara toshewa sai ruwan ya taru, ƙarfinsa ya ƙaru, ya riƙa danne jijiyar gani wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. A nau'in da ya fi yawa a tsakaninmu babu zafi, babu ja, babu ƙaiƙayi. Gani yana fara zaizayewa ne daga gefe, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har sai ɓarna ta yi nisa kafin mutum ya farga. Yanar ido ana cire ta a tiyata gani ya dawo, amma abin da wannan cuta ta cinye na jijiya ya tafi ke nan.

Sanin kowa ne cewa cutar ba ta yi wa jinsunan mutane rabo daidai ba. Binciken da aka yi a birnin Baltimore na Amurka, wanda aka wallafa a 1991, ya nuna cewa ta fi yawa a tsakanin baƙar fata da kimanin ninki huɗu idan aka kwatanta da Turawa, kuma tana kama su tun da sauran ƙuruciya. A gida Nijeriya, babban binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kimanin mutum ɗaya cikin 20 na ɗauke da ita. Bayanin da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga wannan bincike ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar ba su san suna da ita ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ita ce ta biyu wajen jawo makanta a ƙasar bayan yanar ido. Zama a Ingila bai canza jinin da muka gada ba. Ɗan da aka haifa a Cheetham Hill yana ɗauke da irin haɗarin da ɗan'uwansa na Fagge ko Tudun Wada ke ɗauke da shi.

A Birmingham ma an daɗe da lura da wannan. A shekarun 2000 ne Farfesa Peter Shah da abokan aikinsa suka gudanar da wani shiri na bincike mai suna ReGAE, domin gano dalilin da ya sa baƙar fatar birnin, musamman 'yan asalin Karebiyan, ke zuwa asibiti bayan cutar ta ci ƙarfinsu. Daga cikin abubuwan da suka yi ta nanatawa akwai ƙarancin sanin cutar a cikin al'umma da kuma ɗaukar shagon tabarau a matsayin wurin saye da sayarwa kawai. Duk wanda ya san gidajenmu ya san wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

To, yaya ake awon? Ana lissafa ƙarfin ruwan ido da milimita na zaiba, irin ma'aunin da ake awon jini da shi, kuma a yawancin masu lafiya lambar tana tsakanin 10 da 21. Hanyar da asibitoci suka fi dogara da ita ita ce na'urar da wani likita ɗan Suwizalan, Hans Goldmann, ya ƙirƙira a shekarun 1950. Ana ɗiga maganin kashe zafi da wani rini rawaya a ido, sannan a taɓa fatar gaban ido da kan na'urar a ga irin ƙarfin da ake bukata kafin ta ɗan lotsa. A shagunan tabarau kuwa an fi amfani da na'urar da ke hura iska a ido, wadda ta fito a farkon shekarun 1970, ko kuma wata ƙarama ta hannu mai suna iCare da aka ƙera a Finlan, wadda ke ɗan taɓa ido da wani siririn tsinke ta janye. Dukkansu ukun abu ɗaya suke yi, suna matsa fatar gaban ido, wadda likitoci ke kira koniya, daga nan su ƙiyasta ƙarfin ruwan da ke bayanta. Kamar mai sayen kankana ne da ke latsa ɓawo domin ya san abin da ke ciki. Idan ɓawon ya yi kauri ko ya yi laushi fiye da kima, ko aka naɗe shi da wani abu, hukuncinsa zai iya kaucewa.

A nan ne gilashin cikin ido ya shigo. Gilashi mai tauri ba a awo a kansa ko kaɗan, dole a cire. Mai laushi kuwa, binciken masana ya nuna cewa idan siriri ne, irin na masu wahalar ganin nesa da lambarsu ba ta yi yawa ba, bambancin da yake kawowa a na'urar hura iska kaɗan ne. Amma idan mai kaurin tsakiya ne, irin na masu wahalar ganin kusa, yana sa na'ura ta ba da lambar da ta fi ta gaskiya. Wanda ya saba kwana da gilashinsa kuma fatar idonsa na iya ɗan kumbura saboda ƙarancin iska, wannan ma yana taɓa sakamakon. Akwai kuma wani nau'i mai tauri da ake kwana da shi da gangan domin ya danne fatar ido mutum ya yini babu tabarau, shi kuma yakan sa lambar ta ɗan sauka. Game da na'urar Goldmann, rinin nan rawaya yana kama gilashi mai laushi ya ɓata shi, saboda haka ba a haɗa su. Dalili ke nan da ya sa duk mai gwajin ido da ya san aikinsa zai ce a cire gilashin, kuma bai kamata wani ya ga kamar ana ɓata masa lokaci ba.

Wani abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne kaurin fatar idon ita kanta. Goldmann ya gina na'urarsa ne bisa zaton cewa kaurin fatar kowa kusan rabin milimita ne, daga baya aka gano mutane sun bambanta. Mai kaurin fata na'ura tana ƙara masa lamba, mai siririya kuma tana rage masa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 1,636 masu yawan ƙarfin ruwan ido, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya nuna cewa siririyar fata alama ce ta ƙarin haɗari, kuma baƙar fatar da ke cikin binciken fatar idonsu ta fi ta Turawa siranta. Ma'ana, mu da cutar ta fi kamawa, mu ne kuma na'ura ta fi yi wa rangwamen ƙarya. Wanda ya gaji da gilashi ya je aka yi masa aikin leza domin gyaran gani, an kankare wani sashe na wannan fata, don haka lambarsa za ta riƙa fitowa ƙasa da gaskiya har iyakar rayuwarsa. Bugu da ƙari, wahalar ganin nesa, wadda ita ce ke kai yawancin mutane ga gilashin cikin ido, ita ma tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar, musamman idan lambar tabaran mutum ta yi yawa.

Ko da an yi awon yadda ya kamata, lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Ƙarfin ruwan ido yana hawa yana sauka a cikin yini, kuma a wajen mutane da dama ya fi yawa da sassafe. A binciken Baltimore kusan rabin waɗanda aka tabbatar suna da cutar, lambarsu a awon farko ba ta wuce 21 ba. Shi ya sa hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila, a jagorar da ta fitar a 2017 ta nemi masu gwajin ido su haɗa abubuwa da dama kafin su tura mutum asibiti: awo da na'ura irin ta Goldmann, duba jijiyar gani, gwajin faɗin gani, da duba zurfin gaban ido. Ta sanya 24 a matsayin lambar da za a tura mutum a kanta, amma wanda aka ga alamar ɓarna a jijiyarsa ko a faɗin ganinsa ana tura shi ko da lambarsa ba ta kai haka ba. Manchester na cikin garuruwan da suka riga saura a wannan fanni, domin tun a shekarar 2000 aka fara wani tsari tare da Asibitin Ido na Manchester Royal, inda wasu ƙwararrun masu gwajin ido a unguwanni ke sake duba wanda ake zargi kafin a tura shi, abin da ya rage cunkoson da kimanin kashi 40 cikin ɗari.

Matsalar da muke gani a tsakanin mutanenmu ita ce da yawa ba sa kaiwa ga ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. Duba gilashin cikin ido daban, cikakken gwajin ido daban. A na farko ana duba ko gilashin ya zauna daidai da kuma lafiyar fatar ido, kuma ba lalle ne a auna ƙarfin ruwa ko a leƙa jijiya ba. Mutum sai ya yi shekaru yana zuwa shago a kan gilashinsa, yana zaton an duba komai. Wasu kuma sun daina zuwa shagon gaba ɗaya, tunda da waya a hannu ana aiko musu da kwali har gida daga kamfanonin intanet, wasu ma daga wajen ƙasar, da tsohuwar lambar da aka ba su shekara biyar ko shida da suka wuce. Dokar masu sana'ar tabarau ta 1989 ta shar'anta cewa sai da takardar awo mai aiki ake sayar da gilashi mai lamba, kuma tun 2005 aka shigar da na kwalliya ƙarƙashin kulawar ƙwararru masu rajista. Duk da haka ana ganin na kwalliyar a shagunan kayan shafe-shafe da hannun 'yan koli na waya. Arha dai ba ta ado, balle a kan ido.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ya wajaba mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Mai gilashin cikin ido yakan yi fama da jan ido ko ƙaiƙayi, maimakon ya je a duba shi sai ya ɗauko ɗan kwalbar maganin ɗigawa da aka sayo a kemis a gida aka zo da shi cikin akwati. Da yawa daga cikin irin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ja nan da nan, amma idan aka daɗe ana ɗigawa yana ɗaga ƙarfin ruwan ido a wajen wasu mutane har ya lalata jijiya, sannan yana iya rura ciwon da ƙwayoyin cuta suka haddasa a fatar ido. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da wannan sinadari, kuma ana shafa su har gefen ido. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya zauna a gaban mai gwajin ido ya faɗa masa irin gilashin da yake sawa, awa nawa yake yi da shi, ko yana kwana da shi, ko an taɓa yi masa leza, da duk abin da yake ɗigawa ko shafawa.

Mun san akwai masu gudun gwaji saboda tsoron rasa lasin tuƙi, musamman 'yan'uwanmu masu tasi da bas da motocin kai kaya, waɗanda abincin iyalinsu ya rataya a kan sitiyari. Gaskiya ne doka ta wajabta sanar da hukumar DVLA idan cutar ta kama ido biyu ga mai ƙaramar mota, ga direban bas ko babbar mota kuwa ko da ido ɗaya ne, kuma ƙin sanarwa na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Amma sanarwa ba ita ce ƙwace lasin ba. Ana gwada faɗin ganin mutum ne, wanda ya cika sharaɗi ya ci gaba da tuƙinsa, kuma wanda aka gano cutarsa da wuri shi ne ya fi samun damar cika sharaɗin na tsawon shekaru. Mai ɓuya shi ne wanda zai wayi gari ya rasa lasin ya kuma rasa idon.

Wanda aka tabbatar yana da cutar kuma kada ya ɗauka shi da gilashinsa sun rabu ke nan. Yawancin magungunan ɗigawa suna da wani sinadarin hana lalacewa da gilashi mai laushi ke tsotsa, don haka ake cire gilashin kafin a ɗiga, a jira minti 15 sannan a mayar, akwai kuma nau'in da babu wannan sinadari a ciki. Ban da haka, bayan wani gwaji da Asibitin Ido na Moorfields da ke Landan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, aka ga kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka fara yi wa wani ɗan aikin leza a rariyar ido sun kai shekara uku ba su bukaci maganin ɗigawa ba. A 2022 hukumar NICE ta amince a riƙa fara gabatar da wannan aiki ga sababbin marasa lafiya da cutarsu ba ta yi tsanani ba. Wannan leza daban take da ta gyaran gani, kuma haƙƙin mara lafiya ne ya tambayi likitansa a kanta.

Bisa ga wannan, muna kira ga masu karatunmu da su ɗauki matakai masu sauƙi. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yana sa gilashi ko ba ya sawa, ya je cikakken gwajin ido aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, mai wahalar ganin nesa ko mai tarihin cutar a dangi kuma kada ya jira ya kai 40. Mai gilashin cikin ido ya tafi da tabaransa da ɗan akwatin ajiye gilashin, ya cire shi kafin awo, ya buɗe baki ya ce yana son a auna ƙarfin ruwan idonsa, a duba jijiya, a gwada faɗin gani. Ya tambayi lambar da aka samu a kowane ido ya rubuta ya ajiye. Idan lambar tana kusa da iyaka, ya nemi a sake awo a wani lokaci na yini, a kuma auna kaurin fatar idonsa.

Sannan kowa ya ɗaga waya ya tambayi gida. A Ingila gwajin ido kyauta ne a ƙarƙashin NHS ga wanda ya kai shekara 60, da mai ciwon suga, da kuma wanda ya kai 40 idan an tabbatar mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ko ɗansa yana da cutar. Da yawanmu abin da muka sani kawai shi ne Baba ya rasa ganinsa da tsufa, ba mu taɓa tambayar abin da likitocin Asibitin Ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna suka ce ba. Amsar wannan tambaya na iya ba mutum gwaji kyauta a nan, idan kuma a nan aka fara gano cutar a jikin wani, wajibi ne ya aika wa 'yan'uwansa na gida su je a duba su.

Ga masu shagunan tabarau a unguwanninmu, muna roƙon su daina barin mai gilashin cikin ido ya fita ba tare da an gaya masa ƙarara abin da aka duba da abin da ba a duba ba. Ga hukumomin lafiya kuwa, lokaci ya yi da za a sanya 'yan asalin Afirka da Karebiyan masu shekara 40 zuwa sama cikin masu samun gwaji kyauta a Ingila. Hukumomin da kansu suna lissafa asalinmu cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar, amma ba su sanya shi cikin sharuɗɗan gwaji kyauta ba, alhali a Sikotilan gwajin kyauta ne ga kowa tun 2006. Haka kuma dole a magance jinkirin ganin likita bayan an gano cutar. Rahoton da hukumar binciken lafiyar marasa lafiya ta fitar a Janairun 2020 ya ambaci ƙiyasin cewa kimanin mutum 22 a kowane wata ke samun mummunar tawayar gani saboda jinkirin sake duba su a asibitocin ido. Wanda aka ɗage masa ranar ganin likita a Asibitin Manchester Royal ko Cibiyar Ido ta Birmingham da Midland ko wani asibitin daban, kada kunya ta sa ya yi shiru, ya bugo ya bi sawu.

Daga ƙarshe, ƙungiyoyinmu na Hausawa a biranen nan biyu suna da rawar takawa. Yadda ake tara jama'a domin bikin Sallah da walimar suna da gudummawar kai gawa gida, haka ya kamata a ware rana ɗaya a shekara a gayyato ƙwararren mai gwajin ido ya yi bayani, a samu mai fassarawa da Hausa domin iyayenmu mata da dattawa. Manchester da Birmingham suna da manyan asibitocin ido biyu da suka kai kimanin shekara 200 da kafuwa, ga sassan koyar da gwajin ido a Jami'ar Manchester da Jami'ar Aston, ga shagunan tabarau a kowane babban titi. Abin kunya ne a ce ɗan Hausa ya makance a tsakiyar wannan ni'ima saboda ya kasa cire gilashinsa na rabin awa. Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.